Takardar da Na Naɗe Goro da Ita

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Saratu, Uwata ta kaina. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko a mota kika buɗe ta, ko a cikin jirgi, ko sai kin sauka Masar kin huta. Na ce wa innarki ta cusa ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin kuka da daddawa, don kada ki gan ta kina gida ki zo ki tsare ni da ido. Allah ya tsare miki hanya, gabanki da bayanki.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ban yi boko ba. Ajin yaƙi da jahilci na shiga wata biyar a nan Zango, tun kafin in auri innarki, malamin ya yi mini tsawa a gaban mutane, na fita ban koma ba. Har yau ina ganin shi ne bai kyauta ba. Yau kwana uku ke nan ina wannan rubutu a zaure bayan la'asar, har yatsana ya yi kanta.

Yadda maganar tikitinki ta ƙare kin sani, tunda ke kika ƙarasa ta. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da na yi a kwana taran da na ɓoye miki. Ba ki tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. To yanzu zan faɗa, domin can inda za ki babu ni babu innarki, duk hutu kuma jirgi za ki nema, kamfanonin nan na cikin waya kuwa ba su ƙare ba.

Tun a wurin saye na fara ɓata abin. Ranar da aka ce makarantar koyon likitanci ta ɗauke ki, kuma duk wanda bai isa ba kafin a rufe rajista gurbinsa ya tafi, ke kika ce a sayi tikiti kai tsaye wurin masu jirgin, ko da ya ɗan fi tsada. Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, yaushe aka haife ta. Shekara arba'in ina dillancin shanu a karar Mai'aduwa, ban taɓa sayen abu a farashin farko ba. Na sayar da bijimin nan mai karyayyen ƙaho, na ɗauki fasfonki a akwatin innarki ba ta sani ba, na hau mota zuwa Daura, na shiga shagon wani mai kwamfuta kusa da tasha, na ce ya nemo mini mafi arha. Ya nemo wani kamfani na intanet. Ya ce su ba su da jirgi ko ɗaya, wurin masu jirgi suke ɗauka su sayar maka. Na ce ashe dillalai ne, 'yan'uwana, ai na san halinsu. Ya tambaye ni imel. Na ce mene ne kuma wannan? Ya ce bari kawai ya sa nasa. Ya tambayi lambar waya, na ce ya sa tawa, ni ne uba.

Kin tuna yadda na shigo na ajiye miki takardar a kan tabarma kina cin abinci? Kika duba, kika yi godiya, sannan kika ce, "Baba, wace lamba aka sa musu?"

Na ce, "Ci tuwonki."

Uwata, duk tafiyar da sunanki ke kai, lambarki da imel ɗinki za a sa. Kada ki bar wani ya sa nasa, ko mai shago ne, ko ƙawa, ko mijin da Allah zai ba ki, ko ni. Idan kuma bambancin kuɗin ba shi da yawa, ki saya wurin masu jirgin. Ban ce dillali haramun ne ba, da dillanci na ciyar da ke. Amma ni ana ganina, an san ƙofar gidana, an san inda nake sallar Juma'a. Kafin ki miƙa kuɗi ga dillalin da ba a gani, ki karanta abin da ya ce zai yi idan an soke tafiya. An ce suna rubutawa can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ki karanta har ƙarshe.

Sai maganar saƙo. Kin san duk saƙon da ya shigo wayata da Turanci goge shi nake, domin a sanina ko masu layi ne ke tallar waƙa, ko ɓarayi. Na goge guda biyu a mako ɗaya. Na ukun ya shigo ranar kasuwa, muna zaune a rumfa da Alhaji Tanko. Kin san shi, abokin dillancina da ya yi aji huɗu na firamare yake ganin kansa alƙali, wanda ya ce a gaban mutane wai na zubar da bijimi a rijiya da na sa kuɗinsa a karatunki. Ina shirin gogewa ya miƙo hannu.

"Kawo in gani, Malam Idi, kada ka goge arziki."

Ya karanta. Ya cire tabarau ya goge shi da bakin riga a hankali, ya mayar, ya sake karantawa.

"To, likita dai ta fasa tashi. An soke jirgin."

Na ce, "Wa ya soke?"

"Ba su ce kai ka soke ba. Sun dai ce wannan ne karo na uku da suka aiko maka. Ina biyun?"

Na ce ni ban ga komai ba.

Ya miƙo mini wayar, ya ce, "In sabon tikiti za ka saya, jan san nan naka ina so. Sai dai ka san kasuwa ta faɗi."

Wallahi da a ce wani ne ya karanta mini, da tun ranar na zo na gaya miki. Amma Tanko ne. Na rantse a raina sai na gyara abin da kaina kafin kowa ya ji a gidana. Wannan shi ne babban kuskuren, sauran duk 'ya'yansa ne. Saboda haka kada ki goge saƙo don ba ki gane shi ba. Can Larabci za su riƙa aiko miki, wani ma ba irin na allo ba. Ki nemi mai karanta miki a ranar, ko da mutumin da ba kya so ne. Kuma idan abu ya lalace, ki faɗa wa wanda abin ya shafa tun da sauran lokaci. Kunyar yini ɗaya ce.

Washegari na ce wa innarki zan je duba wasu shanu, na hau mota sai Kano, sai filin jirgi. Na yi ta tambaya har aka nuna mini teburin masu jirgin. Wata mata na tarar, ba yarinya ba ce, ta kai sa'ar innarki. Ta duba kwamfuta, ta ce gaskiya ne, su suka soke tashin ranar, kuma fasinja yana da haƙƙin a mayar da shi wani jirgi ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Na ce alhamdu lillahi, to mayar da ita. Ta ce ba za ta iya taɓa tikitin ba, tunda ta hannun kamfanin intanet aka saya, su ne za su nemi canjin.

Na ce, "Hajiya, a kara idan saniya ta fito da ciwo, mai saye ya riƙe dillali, dillali ya riƙe mai saniya, mu uku mu tsaya wuri ɗaya har a warware. Nuna mini shagonsu in je in kamo su."

Ta ce, "Baba, ba su da shago a nan. Waya ce kawai da imel."

Na faɗi maganganu a wurin nan waɗanda ba zan rubuta ba. Sai ta buga wata takarda, ta sa hannu, ta danna hatimi, ta ce a ciki an rubuta sunanki, da cewa su suka soke, da cewa canji kyauta ne. Ta ce, "Baba, ka riƙe wannan da kyau, za ta yi muku amfani."

Na ce, "Jirgi na zo nema, ba takarda ba."

Na dai karɓa don kada a ce na yi rashin kunya. A bakin ƙofa na sayi goro, ban sami abin naɗewa ba, na naɗe da ita na jefa a aljihun babbar riga. Nan kuma wani mutum mai tsabtar kaya ya tare ni, ya ce ya ji abin da ya faru, ya san manya a ciki, in ba shi lambata. Na ba shi. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da na koya a nan, da ya kamata in sani tun farko tunda sana'ata ce: idan aka soke tafiya, ki fara sanin wa ya soke, sannan a hannun wa tikitin yake. Idan masu jirgi ne suka soke, ki sa su rubuta miki, da hannu da hatimi ko ta imel. Domin za su yi ta tura ki, wannan ya ce je wurin wancan, wancan ya ce koma wurin wannan, kuma abin da ke tsayar da su wuri ɗaya shi ne takarda. Matar nan ban san sunanta ba. Idan kin gan ta a teburin, mai ɗan tabo ce a gefen gira, ki gaishe ta, ki ce tsohon nan mai faɗa ya gode.

Na dawo gida na shiga kiran kamfanin. Kwana huɗu ina kira, can bayan gari ƙarƙashin tsamiya don kada innarki ta ji. Sai su sa maka kiɗa har katinka ya kusa ƙarewa, sannan wani ya ɗauka da Turanci. In ce Hausa, Hausa, har a haɗa ni da mai ji. Kowane kira sabon mutum, in sake ɗauko labari tun daga sayar da bijimi. Ranar farko wata ta ce in rubuta lambar ƙorafi, duk wanda na kira in ba shi. Na ce ni ba ɗan makaranta ba ne, sunana Idi, kowa ya san ni daga Zango har Baure. Ban rubuta ba. Da na rubuta, da ban maimaita labarin nan sau bakwai ba.

A rana ta huɗu wata mai Hausar Jos ta ɗauka. Ta ce za su iya ajiye kuɗin a wurinsu, ki yi tafiya da shi wani lokaci cikin shekara. Na ce makaranta za ta jira ta shekara ne? Ta ce to za ta tura maganar canji sama, amma sai na ba ta shaidar cewa masu jirgi ne suka soke. Shaidar tana aljihuna da goro a ciki, ni kuwa ko tunawa ban yi ba. Na ce ni ne shaida, ko ƙarya zan yi mata da furfurata? Na tambaye ta 'yar wa ce ita, ko ba ta da uba a gida. Ta ce in yi haƙuri, haka tsarin yake.

Nan na yi abin da nake yi idan magana ta ƙare. Ke ba ki san kara ba, bari in gaya miki. A cikinmu, idan mutum ya cuce ka, ka bi ka bi ya ƙi, sai ka tsaya gaban jama'a ka ce, na bar ka da Allah, ka juya ka tafi. Ba a faɗinta da wasa. Sau uku na faɗe ta a shekara arba'in, kuma duk ukun kafin rana ta faɗi mutumin ya zo ƙofar gidana da dattawa, da haƙƙina a hannunsa. Babu mai son ya kwana da wannan magana a kansa, babu kuma mai sake ciniki da wanda aka faɗa wa ita bai motsa ba.

Na ce mata, "Na bar ku da Allah."

Ta ce, "Baba, wato ka janye ƙorafin? In rufe?"

Na ce, "Ki rufe, ki sa kwaɗo."

Ta ce, "To Baba, mun gode da kira."

Na koma gida da ƙarfina, na cika waya da caji, na zauna a zaure na ɗora ta a gwiwa ina jiran babbansu ya kira ya ba da haƙuri. Kwana biyu ina jira. Ashe ita abin da ta rubuta shi ne, mai ƙorafi ya janye, magana ta mutu.

Uwata, Allah yana nan, yana ji, kuma ban janye abin da na kai gabansa ba. Amma wadda ke kan wayar ba ita ta ci kuɗina ba, aiki aka ɗauke ta, abin da ya fito daga bakinka shi take rubutawa. Kada ki zage su, kada ki yi musu fushi, kada kuma ki furta kalmar da za a rubuta a ce kin haƙura. Ki tambayi sunan wanda ya ɗauka, ki rubuta ranar da lambar ƙorafin. Idan suka ce za su ajiye miki kuɗi zuwa wata tafiya, ke kuwa ba shi kike so ba, ki ce a'a a fili, ki faɗi abin da kike so. Addu'arki ki yi ta a kan sallaya, su kuma ki bi su a rubuce.

A rana ta biyu da jiran sai ga kira. Wani mai zaƙin murya, wai shi ne manajan mayar da kuɗi, ya ji abin da aka yi wa Baba, ransa ya ɓaci. Na gyara zama, na ce a raina ga shi nan, magana ta yi aiki. Ya ce in karanto masa lambobin katin banki, gaba da baya, yanzun nan kuɗi su shigo. Har na zaro katin. Sai na ji yana sauri, yana ta yabona. Ni kuwa na san wanda zai mayar maka da haƙƙinka ba ya sauri, ba ya kuma dariya, nauyi muryarsa take yi. Na ce, "Tsaya tukuna. Jirgin nan da aka soke, wane gari za shi?"

Ya ce, "Jidda mana, Baba. Allah ya karɓi Umara."

Na kashe wayar. Mutumin bakin ƙofar filin jirgi ne ko abokinsa, ya ga tsoho da gemu ya yanke cewa Umara za ni. Wannan kaɗai ne wurin da taurin kaina ya yi rana a duk tafiyar, shi ya sa na rubuta shi da kyau. Kada ki ba kowa lambar katinki, balle wadda banki ke turowa a waya. Wanda ya kira ki da kansa yana rawar jiki zai taimake ki, yi masa tambayar da mai gaskiya kaɗai zai iya amsawa.

Daga nan ƙarfina ya ƙare. Ina kallonki kina ɗinke jaka, kina zagayen sallama da dangi, abinci ya ƙi shiga mini. Na yanke shawarar ranar kasuwa zan ja jan sa in kai wa Tanko, ya saya yadda ya ga dama, ko da kuɗin ba zai kai ba, in nemi ciko. Sai innarki ta ɗauki babbar rigata za ta wanke. Ta zazzage aljihu, goro ya faɗo a naɗe. Ba ta karatu, amma ta san hatimi, ta kuma san siffar sunanki. Ba ta zo wurina ba, wurinki ta nufa. Na yi mata fushin yini guda a kan haka, ta ce in yi na shekara ma.

Kika shigo zaure da takardar, duk ta yi jan goro a gefe. Kika durƙusa.

"Baba, tun yaushe?"

Na ce, "Kwana tara."

Na jira ki yi kuka ko ki faɗi magana. Sai kika ce, "Saura kwana takwas a rufe rajista. Tashi mu je Daura wurin mai shagon."

Ina zaune a bencin shagon ina kallonki. Kika sa ya buɗe imel ɗinsa, ga saƙonninsu nan jere bai taɓa dubawa ba. Kika ɗauki hoton takardar goron, kika rubuta musu magana da ba ta fi layi shida ba. Kika karanta mini da Hausa: ga lambar tikiti, ga shaidar masu jirgi, ina so a mayar da ni jirgin da zai isa kafin rana kaza, ina jiran amsa zuwa jibi, in ba haka ba zan kai takardun nan ofishin gwamnati mai sauraron koken fasinjoji, in kuma sanar da banki. Babu zagi, babu 'yar wa ce ke. Na ce a raina wannan sanyin ba zai motsa kowa ba.

Da suka amsa cewa mai ƙorafi ya riga ya janye, na sunkuyar da kai. Ke kuwa kika rubuta cewa sunanki ne a kan tikitin, ke ce fasinja, kuma ba ki janye komai ba. Kwana biyu bayan nan sabon tikiti ya shigo wayarki, ta wata hanyar, zai sauke ki da sauran kwana biyu a hannu, ba a ƙara ko kwabo ba. Da kika nuna mini na ce to madalla, na tashi na shiga bayan gida wurin jan sa. Na daɗe a can. Ba ciyawa nake ba shi ba.

Yadda kika yi ɗin nan, haka za ki riƙa yi. Ba ni na koya miki ba, amma ina da ikon in ce ki riƙe shi. Ki adana kowace takarda har sai kin sauka kin ɗauki kayanki. Kada kuma ki yanki tikitin da zai kai ki ranar ƙarshe cif, ki bar kwanaki a tsakani.

Kamfanin nan ban yafe musu ba, kuma ko kyauta suke rabawa kada ki sake bi ta kansu. Tanko kuwa, jiya, ranar kasuwa, na ja jan sa na bi ta gaban rumfarsa sau biyu. Ya ce, "Na sayarwa ne?" Na ce, "A'a, shan iska ya fito. Likita jibi za ta tashi."

Saura magana ɗaya. Gobe a tasha ba zan iya faɗinta ba, ga mutane, ga innarki tana kallo. Na kusa jawo miki asarar abin da kika yi shekaru kina wahala a kansa, ba don komai ba sai don kada Tanko ya yi mini dariya. Ki yafe mini kwana taran nan. Na rubuta ne da gangan, tunda ke kika nuna mini abin da aka rubuta ba ya janyuwa.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki irin matar teburin nan. Allah ya tsare miki mutuncinki da sallarki, ya buɗe miki karatu, ya dawo mana da ke muna raye. Innarki tana gaishe ki, ko da yake tana nan tsakar gida tare da ke tana ƙulla miki yaji.

Idan kin sauka, kira ya yi, amma ki rubuto saƙo ma. Da Hausa, da manyan baƙaƙe. Zan karanta a hankali, kuma ba zan goge ba.

Ni ne mahaifinki,
Idi Dillali, Zango.